Wa Zai Ce wa Gwanin Tiyata Ya Dakata?

Da sanyin safiya an riga an kwantar da marar lafiya, allurar barci ta ɗauke shi, an lulluɓe shi da koren ƙyalle, wurin da za a yanka kaɗai aka bari. Babban likita ya shigo hannayensa a sama, aka zura masa riga da safar hannu. Wasu mutum shida na jiran layi a waje, wutar lantarki kuma ba ta da alƙawari. Ya miƙa hannu a ba shi wuƙa.

A daidai nan ne ƙa'ida ta ce nas, wadda wataƙila ko haihuwarta ba a yi ba lokacin da ya fara fiɗa, ta ɗaga murya ta ce kowa ya dakata. Kowa ya faɗi sunansa da aikinsa. Wane ne a kwance? Wane aiki za a yi masa, kuma a wane ɓangare, dama ko hagu? An yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya da ta wuce? Jini nawa ake zaton zai zubar, an tanadi na ƙari?

Duka-duka minti ɗaya ne ko biyu, amma a asibitoci da yawa na duniya ya fi komai wuyar samu. Wani likitan ya amsa a daƙile. Wani ya ce, "Sista, cike kawai, ai mun sani." Wani kuwa kallo ɗaya zai yi mata, ta mayar da takardar cikin fayil, sai bayan an gama aiki ta zauna ta yi wa kowane layi maki.

Sau da yawa kuma mai wannan kallon shi ne gwanin asibitin, wanda manya ke neman alfarma a kai musu iyayensu wurinsa.

Takarda mai tambaya 19

A tsakiyar 2008 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wannan takarda mai shafi ɗaya, ƙarƙashin jagorancin Atul Gawande, likitan fiɗa a birnin Boston na Amurka. Tambayoyi 19 ne, an kasa su gida uku: kafin a sa barci, kafin a yanka, da kafin a fitar da marar lafiya daga ɗakin tiyata, inda ake ƙirga almakasai da allurai da audugar share jini don kada a rufe ciki da wani abu.

An gwada ta a asibitoci takwas, na masu hali da na marasa hali: Toronto, Seattle, Landan, Auckland, New Delhi, Amman, Manila, da wani asibitin karkara a Ifakara ta Tanzaniya. Sakamakon ya fito a Janairun 2009, bayan bin diddigin marasa lafiya kusan 7,700. Mutuwa bayan aiki ta sauka daga kusan 15 cikin dubu zuwa 8. Manyan matsaloli, irin su ruɓewar ciwo da komawa tiyata ba shiri, sun sauka daga kashi 11 cikin ɗari zuwa 7.

Da aka tambayi ma'aikatan da suka yi gwajin, kusan ɗaya cikin biyar bai gamsu da takardar ba. Sai aka yi musu tambaya ta ƙarshe: in kai za a yi wa aiki, kana so a yi amfani da ita? Sama da kashi 90 suka ce i.

Shi kansa Gawande ya faɗa a littafinsa na 2009 cewa ya fara amfani da ita ne don kada a kira shi munafuki, ba don ya yarda zai iya mantuwa ba. Rannan yana cire wa wani mutum ƙari a saman ƙoda, aikin da ya yi sau da dama ba tare da jini ya ɓalle ba, sai ya tsaga babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Cikin ɗan lokaci jinin mutumin ya kusa ƙarewa. Abin da ya cece shi, bayan ikon Allah, shi ne a lokacin dakatawar nan an tambayi batun jini, nas ta duba ta ga ba a tanada ba, aka aika aka tanada kafin a yanka.

Me ya sa gwani ya fi tauri?

Mai saurin hukunci zai ce girman kai ne. Akwai shi, amma bai isa bayani ba.

Aikin fiɗa ba ya son mai ɗar-ɗar. Wanda jini ke ambaliya a gabansa ba shi da lokacin shawara, dole ya yarda da hannunsa. Shekara goma ko fiye ake yi ana gina wannan yarda a cikinsa, bisa tsarin ubangida da yaro: yadda malaminka ya ɗinke hanji haka za ka ɗinke, yadda ya yi magana da nas haka za ka yi. In ya kai matsayin da ake nuna shi da yatsa, kowane marar lafiya da ya tashi shaida ne a wurinsa cewa hanyarsa daidai take.

Akwai kuma lissafi, wanda ba a cika kawo shi ba. Ɗauki likitan da ke yin manyan ayyuka 200 a shekara. Bambancin 15 cikin dubu da 8 cikin dubu, a hannunsa, shi ne mutum uku sun rasu bara, bana ɗaya ko biyu. Ba idon da zai gane wannan a matsayin canji, kuma kowace rasuwa tana da bayaninta: an kawo shi a makare, ga tsufa, ga ciwon suga. Sai an haɗa dubbai ake ganin abin. Don haka idan gwani ya ce, "Shekara talatin ina aiki ban taɓa yanka ɓangaren da ba shi ba ne," gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar tasa ba ta rushe alƙaluman ba.

Wani bincike da aka wallafa a 2000 ya yi wa matuƙa jirgin sama da likitoci tambaya iri ɗaya: ko a gajiye kake, kana iya aiki yadda ya kamata a lokacin gaggawa? Kusan kashi 70 na manyan likitocin fiɗa suka ce ƙwarai. Cikin matuƙa jirgi, kusan kashi ɗaya bisa huɗu ne kawai suka yarda da haka. Wani binciken na 2006 a asibitocin Amurka ya gano likitocin fiɗa na yaba haɗin kai a tsakaninsu da kusan kashi 85, alhali nas-nas ɗin da ke tsaye kusa da su, ƙasa da rabi ne suka ce suna jin daɗin aiki da su. Ɗaki ɗaya, labari biyu. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Sannan ba gaskiya ba ne a ce likitocin fiɗa ba sa son sabon abu. An nuna maganin sa barci a bainar jama'a a Boston a Oktoban 1846, cikin 'yan watanni ya isa Turai. Cire matsarmama ta ƙananan huji da na'urar leƙe ya fara a Jamus da Faransa a shekarun 1980, zuwa farkon 1990 likitocin Amurka na rige-rigen koyo, har raunin bututun matsarmama ya ƙaru saboda gaggawa. Amma tsaftace hannu da kayan aiki da Joseph Lister ya kawo a 1867 ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya zauna. Gawande ya yi wa wannan bayani mai gamsarwa: ihun marar lafiya yana damun likita a take, maganinsa kuma yana sauƙaƙa masa aiki. Ruɓewar ciwo kuwa sai bayan kwanaki take bayyana, a can ɗakin jinya, kuma rigakafinta ƙarin wahala ce ga likita.

Waɗanda suka zo da zafi

A 1847 Ignaz Semmelweis ya tilasta wa likitoci da ɗalibai a asibitin Vienna wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu haihuwa. Mutuwar masu jego ta faɗo daga sama da kashi 10 zuwa kusan kashi 2. Bai wallafa littafinsa ba sai 1861, da aka ƙi saurarensa kuma ya koma rubuta wa manyan farfesoshi wasiƙu yana kiransu masu kisan kai. Ya rasu a gidan masu taɓin hankali a 1865.

Labarin Ernest Codman ya fi kusa da batunmu, domin shi ɗan gida ne, likitan fiɗa a babban asibitin Massachusetts. Abin da ya nema mai sauƙi ne: kowane marar lafiya a buɗe masa kati, a bi shi har shekara guda, a ga ko aikin ya yi amfani, in bai yi ba a nemi dalili. Ya ƙara da cewa a riƙa ƙarin girma bisa sakamakon aiki maimakon daɗewa. Wannan ne ya taɓa manya. Ya ajiye aikinsa a 1914.

A farkon 1915, a taron wata ƙungiyar likitocin Boston, ya buɗe wani ƙaton zanen barkwanci: jimina ta cusa kai cikin rairayi tana harbo wa likitoci ƙwan zinare, ma'ana masu kuɗin gari ba sa tambaya, likitoci kuma ba sa so a tambaya. Ɗaki ya yamutse, aka sa ya sauka daga shugabancin sashen fiɗa na ƙungiyar, abokan aiki suka rage turo masa marasa lafiya. A ɗan asibitinsa na kansa ya wallafa sakamakon mutum 337, ya lissafa kurakurai 123 da sunan asibitinsa a kai. Kusan ba wanda ya bi sahunsa a lokacin. Ya rasu a 1940, kabarinsa ko alama babu sai a 2014.

A Bristol ta Ingila, likitan sa barci Stephen Bolsin ya lura yaran da ake yi wa aikin zuciya suna mutuwa fiye da kima, ya tattara alƙaluma, ya yi ta kai ƙara shekara da shekaru. Ƙarshenta shi ne ya bar ƙasar ya koma Ostireliya. Kwamitin bincike ya bayyana a 2001 cewa tsakanin 1991 da 1995 jarirai 30 zuwa 35 sun rasu fiye da abin da za a yi tsammani a wani asibitin. Rahoton bai kira likitocin mugaye ba. Ya nuna mutane ne masu himma da suka kasa ganin gazawarsu, a wurin da iko ya taru a hannun 'yan tsiraru.

A tona ko a rufa?

Bayan irin wannan, gwamnatoci kan ɗauki hanyar tonawa. Jihar New York ta fara tattara sakamakon aikin jijiyoyin zuciya a 1989, a 1991 kuma jaridar Newsday ta ci nasara a kotu ta wallafa shi da sunan kowane likita. Mutuwa ta ragu da kusan kashi 40 cikin shekara huɗu, wasu masu ƙarancin aiki da mummunan sakamako suka daina.

Likitoci suna da nasu ƙorafin, kuma ba na banza ba ne. A wani bincike na baya, sama da rabin likitocin zuciya na jihar sun amsa cewa sun taɓa ƙin yi wa wani mai tsananin ciwo aiki don gudun ɓata alƙalumansu. Gwani shi ake tura wa aikin da kowa ya gudu, in ba a auna nauyin ciwon daidai ba shi zai fito a ƙasan jeri. Suna kuma cewa gwajin asibitoci takwas ɗin nan kwatanta kafin da bayan ne kawai, kuma duk wanda ya san ana kallonsa yakan gyara aiki. Wasu na ƙarawa da cewa kowace shekara akwai sabon fom daga ofis, daga hannun wanda bai taɓa riƙe wuƙa ba. Duk wanda ya shiga ɗakin gwani bai shirya amsa waɗannan ba, gara ya zauna a gida.

Gwani da gwani

A daidai lokacin da New York ke tonawa, maƙwabtanta na arewa sun ɗauki wata hanyar. A 1987 asibitocin da ke aikin zuciya a jihohin Maine da New Hampshire da Vermont suka haɗa ƙungiya, suka zuba alƙalumansu wuri ɗaya. Da farko kowa ya ɗauka bambancin da za a gani na marasa lafiya ne. Da aka auna, sai ga mutuwa a hannun wani likita kusan kashi 2, a hannun wani kusan kashi 9, kuma nauyin ciwo bai bayyana tazarar ba.

Ba su kai wa jarida sunan kowa ba. Kowane likita ya karɓi nasa sakamakon, kusa da na yankin baki ɗaya. Daga nan suka shiga ziyartar juna: likitan fiɗa da nas da mai kula da injin zuciya su tashi su je wani asibitin, su tsaya su ga yadda ake yi tun daga shigar marar lafiya har fitarsa. Likitocin zuciya 23 na yankin duka suka shiga. A 1996 suka ba da rahoton raguwar mutuwa da kusan kashi ɗaya bisa huɗu.

A ganina wannan ne darasi mafi nauyi a duk tarihin. Halin gasa da ke sa gwani ya ƙi umarnin ofis, shi ne ke hana shi barci in ya ga, a keɓe, cewa takwaransa na garin gaba ya fi shi. Ba sai an ce masa ya canza ba, shi zai tambaya me wancan yake yi.

A Michigan an ƙara matsawa. Likitoci 20 masu aikin rage tumbi suka ba da bidiyon aikinsu, aka cire suna, takwarorinsu suka ba da maki. Sakamakon da John Birkmeyer da abokansa suka wallafa a 2013 ya nuna masu ƙarancin maki na samun matsala a kusan kashi 14 na marasa lafiyarsu, masu babban maki kusan kashi 5. Yawan shekarun aiki bai nuna wanda ya fi iyawa ba, yawan yin aikin ne ya nuna.

Gawande ma, da ya ga sakamakonsa ya tsaya cik bayan shekara takwas yana aikin fiɗa, ya gayyaci tsohon malaminsa Robert Osteen, wanda ya yi ritaya, ya zo ya tsaya a bayansa da littafi. Aikin maƙoƙo ne, kuma a ganinsa ya tafi sumul. Dattijon ya fito da jerin gyara: gwiwar hannunka na tashi sama, fitila ta kauce daga ciwon ba ka lura ba, yadda ka shimfiɗa ƙyalle ya takura mataimakinka.

Doka ta ce, zuciya ba ta ce ba

Lardin Ontario na Kanada ya wajabta takardar a 2010. Asibitoci suka riƙa ba da rahoton cewa kusan kowane aiki ana cike ta. Da masu bincike suka duba asibitoci 101, suka wallafa a 2014, ba su ga wani canjin kirki a mutuwa ko matsaloli ba. Masu adawa suka ce ai ga shi nan.

Jihar South Carolina ta Amurka ta bi ta wata ƙofar. Shiga na ganin dama ne. Kowane asibiti ya gyara takardar ta dace da shi, aka fara da ɗaki ɗaya da likitan da ke so, aka riƙa zama da likitoci ɗaya bayan ɗaya ana jin ƙorafinsu, masu horarwa na shiga tiyata suna kallo. Asibitoci 14 ne suka kai ƙarshen shirin. A cikinsu mutuwa cikin kwana 30 bayan aiki ta sauka daga kusan kashi 3.4 zuwa 2.8 tsakanin 2010 da 2013, a sauran asibitocin jihar kuwa ba ta sauka ba.

Takarda ɗaya ce a wuraren biyu. A wuri ɗaya an yi maki, a ɗayan an yi magana. Shi ya sa masu tsara ta suka nace a kan layin da likitoci suka fi rainawa, na faɗin suna: wanda ya buɗe baki sau ɗaya a farkon aiki ya fi iya buɗe shi a tsakiya in ya ga ɓarna. Peter Pronovost na asibitin Johns Hopkins ya gane haka tun 2001, lokacin da ya sa hukumar asibiti ta ba nas-nas izinin tsayar da duk likitan da ya tsallake matakin tsafta wajen sa bututu a babbar jijiya, tare da tabbacin za a tsaya musu in rigima ta tashi.

A nahiyarmu

A 2018 aka wallafa bincike mafi girma a lokacin kan sakamakon tiyata a Afirka, ƙarƙashin Bruce Biccard na Jami'ar Cape Town: ƙasashe 25 har da Najeriya, asibitoci kusan 250, marasa lafiya sama da 11,000. Mutanenmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin wasu cututtuka, amma haɗarin mutuwarsu bayan aiki ya ninka sau biyu. Kusan duk mace-macen sun faru ne bayan ranar aikin, a ɗakin jinya. An yi amfani da takardar a ƙasa da kashi 60 na ayyukan. Ƙwararrun fiɗa da haihuwa da sa barci kuwa ba su kai ɗaya ga mutum 100,000 ba, alhali 20 ake so.

Wannan ƙarancin yana ƙara wa gwani nauyi da iko a lokaci guda. Inda likita ɗaya ke riƙe da sashe, wa zai auna shi, kuma da wa? Ga tarbiyyarmu ta girmama na gaba, wadda alheri ce a gida, amma a tiyata takan sa ƙaramin likita ya ga kuskure ya haɗiye, domin Oga ne zai sa masa hannu kafin ya zauna jarrabawar ƙwarewa. Dangi kuma in an yi rashi sukan ce kwana ya ƙare, su ɗauki gawa a yi sutura kafin la'asar. Imani da ƙaddara gaskiya ne, sai dai haƙurin dangi bai sauke wa asibiti nauyin zama ya tambayi kansa me ya faru ba.

Likitocinmu ma na da hujjarsu. Me amfanin a tambaye ni ko an tanadi jini, alhali sai ɗan'uwan marar lafiya ya fita neman mai bayarwa? Gwaji na biyu da tawagar Biccard ta yi a asibitoci sama da 300, na ƙara sa ido kan masu haɗari bayan aiki, bai rage mutuwa ba a rahoton 2021, kuma asibitoci da yawa sun kasa aiwatar da shi saboda ƙarancin ma'aikata da kayan aiki.

Habasha ta nuna yadda za a haɗa biyun, gyaran hali da gyaran kayan aiki. Ƙungiyar Lifebox, tare da likitocin ƙasar irin su Tihitena Negussie, likitar fiɗar yara a Addis Ababa, ta fara wani shiri a Jimma da wasu asibitoci. Abu shida suka sa a gaba: wanke hannu da fatar marar lafiya, tsaftar riguna da ƙyallaye, dafa kayan aiki, allurar kashe ƙwayoyin cuta a kan lokaci, ƙirga auduga, da ita takardar. Ma'aikatan asibitin da kansu suka riƙa rubuta abin da ake yi a kowane aiki, suna kiran marasa lafiya a waya bayan kwana 30, duk wata su zauna da manyan likitoci da shugabannin asibiti a kan alƙalumansu na gida.

A irin wannan zama ake gano cewa wani gibin na hali ne, wani kuma na tukunyar dafa kayan aiki da ta lalace ko sabulun da ya ƙare a sito, kowanne da mai gyara shi. A asibitoci biyar na farko, cikin ayyuka sama da 2,000, bin matakan shida ya tashi daga kusan uku zuwa huɗu da rabi, haɗarin ruɓewar ciwo ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku.